Girman Hoto da Ingancinsa a Kyamarar Zamani

Masu ɗaukar hoto da yawa sukan cakuɗa abubuwa biyu da kyamara ta raba, wato girman hoto da ingancinsa, alhali kowanne da aikinsa. Girma shi ne yawan ƙananan ɗigogin launi da ake kira fiksel, waɗanda taruwarsu ke zama hoto, ta yadda kyamarar da ke ɗaukar ɗigo 6000 a kwance da 4000 a tsaye ta tara miliyan 24 ke nan, abin da ake kira megafiksel 24. Inganci kuwa ya shafi yadda ake matse bayanan hoton ne kafin su shiga katin memori.

Tsarin JPEG, wanda aka tabbatar da shi a shekarar 1992, yakan yanka hoto zuwa ƙananan gidaje masu ɗigo 8 a kowane gefe, sannan ya zubar da bambance-bambancen da ido ba ya saurin lura da su, kuma abin da ya zubar ya tafi har abada. A kyamarorin Nikon an ba matakan matsewar sunayen Fine da Normal da Basic, waɗanda ke rage nauyin hoton zuwa kusan kashi ɗaya cikin 4, ko cikin 8, ko cikin 16. A fuskar waya da wuya a gane ɓarnar, amma idan aka faɗaɗa hoton biki domin kalanda ko firam na bango, sai aikin zaren da ke wuyan babbar rigar ango ya dagule, gefen zanen lallen amarya kuma ya yi dishi-dishi, kuma duk lokacin da aka gyara hoton aka sake ajiye shi a wannan tsari, sai ɓarnar ta ƙaru.

Tsarin RAW, wato ɗanyen bayanin da kyamara ta kama ba tare da ta sarrafa shi ba, yana da fa'idar da ta fi fitowa a rana tsaka. JPEG matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, yayin da RAW mai bit 14 ke riƙe 16,384, shi ya sa ake iya ceto farar shaddar da rana ta haske, ko fuskar da inuwar rumfa ta rufe. Sai dai yana cinye kati, kuma yana buƙatar kwamfuta da lokacin zama, saboda haka mai hoton da zai wanke hotuna kafin a watse daga wurin walima bai yi kuskure ba idan ya tsaya a Fine.

Batun girma lissafi ne mai sauƙi. Bugu mai kyau yakan buƙaci ɗigo 300 a kowane inci, don haka hoto mai inci 4 da 6 megafiksel 2 da 'yan kai ya ishe shi, megafiksel 24 kuma ya kai inci 20 a faɗi. Rarar tana da amfani a lokacin da ake son yanko fuskar mutum ɗaya daga cikin taro. Babban hoto ana iya rage kwafinsa kowane lokaci, amma ƙarami ba ya dawo da ɗigon da bai ɗauka ba, don haka ya kamata a bar kyamara a kan mafi girma da mafi ƙarancin matsewa, wanda kuma zai tura hoto ta WhatsApp domin bugawa ya tura shi a matsayin fayil, domin manhajar takan sake matse hoton da aka tura kai tsaye.