Naira Ashirin Da Tukwanen Suleja

Duk wanda ya juya takardar naira ashirin zai ga wata mata zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan. Kullum tana cikin aljihunmu, amma kaɗan daga cikinmu suka san inda ta yi aikin da ya kai ta nan.

A 1952 wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. Tukwanenta sun je baje koli har Landan. Ta rasu a 1984, daga baya cibiyar ta yi shekaru a yashe. An sa sunanta a titi da zauren taro, amma wurin gasa tukwanen ya yi sanyi.

Ni ɗan ma'aikacin masaƙa ne daga Kakuri, na san yadda unguwa ke komawa in ƙarar inji ta ɗauke. Mai abinci ta tashi, mai haya ya rasa ɗan haya, yara su watse. Shi ya sa abin Suleja yake ci mini rai. Gini bai cika damuna ba, hannun da ya iya aikin nake ji. In tsoho ya tafi da sana'arsa, shi ke nan fa.

A Ingila, a garin Stoke, an gyara tsohuwar masana'antar Middleport aka sake buɗe ta a 2014. Har yau ana yin kwanuka a ciki, baƙi na biya su kalla. Nan kusa ma, matan Ushafa ba su ajiye yumɓu ba. Bill Clinton ya ziyarce su a 2000.

To, mu fa? Muna da maƙera, majema da masu ɗinkin hula a unguwar nan. Ranar da masu rusau suka zo da jan fenti, ba sa tambayar tarihi. Shawarata ga Mai Unguwa da dattawa: a rubuta sunan kowace tsohuwar sana'a da wurinta, a naɗi muryar masu ita, kowane maigida a ba shi yaro biyu. Da takarda a hannu ake zuwa gaban hukuma. Allah Ya sa mu farga da wuri.