Makamin Da Ya Zama Mabuɗi: Tsokaci A Kan Wasan Super Metroid

Akwai wani rukunin wasannin bidiyo da ma'abota harkar suka laƙaba wa suna Metroidvania. An ɗinko sunan ne daga sunayen wasanni biyu na ƙasar Japan, wato Metroid na kamfanin Nintendo, wanda ya fara fitowa a shekarar 1986, da kuma Castlevania na kamfanin Konami, musamman kashinsa mai suna Symphony of the Night na shekarar 1997. A irin waɗannan wasanni ba a hawa mataki bayan mataki kamar mai hawan tsani. Akan jefa ɗan wasa ne cikin duniya guda ɗaya mai yawan ɗakuna da lunguna, tamkar baƙon da aka sauke a tsakiyar tsohon birni, alhali galibin ƙofofin a kulle suke. Sai ya yi ta yawo har ya samo wani makami ko wata dabara, sa'annan ya tuna da ƙofar da ta gagare shi, ya komo ya buɗe ta.

Wanda muka zaɓa domin yin tsokaci a kansa shi ne Super Metroid, wanda Nintendo ya fitar a watan Maris na shekarar 1994 bisa jagorancin Yoshio Sakamoto. Mu ɗalibai ne 'yan kaɗan da muka ɓatar da hutun zango guda a kansa, muna karɓa-karɓa: wani na riƙe da abin sarrafawa, wani na duba taswira, saura kuwa na ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Da muka kammala sai gardama ta kaure a tsakaninmu. Wasu suka ce faɗan da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba in an kwatanta shi da wasannin yau, don haka asarar lokaci muka yi. Wasu kuma suka ce ai ba faɗa ne ginshiƙin wasan ba tun farko. Wannan maƙala ita ce matsayar da muka tsaya a kai bayan doguwar muhawara, domin hutu ba abin banza ba ne a wurin ɗalibi, kuma ya kamata mutum ya iya faɗin abin da ya saya da shi.

Labarin wasan gajere ne. Samus Aran mafarauciya ce da ke yawo a sararin samaniya cikin sulke. A wasan da ya gabaci wannan, na shekarar 1991, ta ƙarar da wasu halittu masu zuƙe kuzarin abin da suka kama, waɗanda ake kira Metroid, amma ta bar jariri guda da ya ƙyanƙyashe a gabanta ya ɗauke ta uwa. Ta miƙa shi ga masana a wata tashar bincike, sai wani dodo mai fukafukai da ake kira Ridley ya sace shi ya gudu da shi duniyar Zebes. Daga nan wasan ya yi gum da bakinsa. Bayan jawabin buɗewa, kusan babu mai sake yi maka magana har ƙarshe. Duk abin da za a sanar da kai, da zane ake sanar da kai, zanen kuwa na ɗige-ɗige ne, wato ƙananan murabba'ai masu launi da ake jerawa kamar yadda mai ɗinkin hula ke jera zare. Allon na'urar bai wuce ɗigo 256 a faɗi da 224 a tsaye ba, saboda haka mai zanen ba shi da sararin yin ado na banza. In ka ga launi ya sauya ko bango ya tsage, to magana ake yi maka.

Farkon darasin da muka ɗauka daga ƙofofi ya fito. Shuɗiyar ƙofa kowane harbi na buɗe ta. Ja kuwa sai an sakar mata ƙananan rokoki biyar, ko babbar roka guda. Koriya sai da babbar roka, rawaya kuma sai da babban bam. To, waɗannan rokoki su ne dai ake yaƙar dodanni da su, kuma ƙunshin farko da ake samu guda biyar ne cif. Ke nan duk wanda ya yi almubazzaranci da su a kan wani ƙaramin ƙwaro, zai isa bakin ƙofa hannu rabbana, sai ya koma farauta domin ya tara wasu. A nan ne muka fara gane cewa a wannan wasa makami da mabuɗi abu guda ne, kuma wannan shi ne sirrin ginin baki ɗaya.

Sauran kayan ma haka suke, kowanne da fuska biyu. Akwai dabarar da Samus ke dunƙulewa kamar bushiya ta shige ramin da mutum ba zai iya bi a tsaye ba, in kuma ta sami ƙananan bama-bamai sai ta fasa bango da su, ta kashe abin da ke rarrafe, har ma ta cilla kanta sama da ƙarfin fashewarsu. Akwai harbin ƙanƙara, wanda ke daskarar da abokin gaba a inda yake. Da farko mutum zai ɗauka don sauƙaƙa kisa aka yi shi, amma ranar da ya tsaya a gindin wani dogon rami da babu matakala sai halittun da ke kai da komo a iska, ranar zai gane cewa in ya daskarar da su, su ne matakalar. Akwai sulken da ke kare ta daga zafin yankin Norfair mai narkakken dutse, akwai kuma wanda ke ba ta damar tafiya cikin ruwan yankin Maridia kamar a tudu, alhali kafin samunsa duk taku guda a ruwa tamkar tafiya ce cikin taɓo. Kowane sabon abu da ya shigo hannu yakan sa mu ajiye faɗa mu koma kan taswira muna tambayar juna: a ina muka taɓa ganin wurin da wannan zai yi amfani?

Idan muka juya ga manyan dodanni kuwa, nan ne wasan ya fi nuna gwanintarsa, domin mafi kyawunsu kacici-kacici ne da aka sa wa haƙora. Tun da wuri, da Samus ta ɗauki ƙananan bama-bamai daga hannun wani gunki, sai ƙofa ta rufe, gunkin ya farfashe, abin da ke cikinsa ya miƙe ya auka mata. Daga ranar ba mu sake kusantar wani gunki da sakin jiki ba. Kraid, wanda tsayinsa ya fi ƙarfin allo guda, jikinsa ba ya jin harbi. Sai an harbe shi a fuska ya wangame baki, sa'annan a jefa roka ciki. Crocomire kuwa ya fi ba mu mamaki, domin ba a kashe shi da yawan harbi. Yana matso ka ne a hankali zuwa ga bango mai ƙayoyi, kai kuma duk harbin da ka sa a bakinsa yana mayar da shi baya, har ya taka wata gada marar ƙwari ta rufta da shi. Wannan kokawa ce ta neman ƙasa, kuma wanda ya firgita ya ja da baya shi ke shan kaye.

Sai kuma Draygon na ƙarƙashin ruwa, wanda kan sure Samus ya yi ta bugunta. Ana iya cin galabarsa da rokoki, a sha wuya. Amma akwai wata hanya: a fasa ɗaya daga bindigogin da ke jikin bango ta bar tartsatsin lantarki, a bar dodon ya kama Samus da gangan, sa'annan ta harba igiyar da take lilo da ita ta maƙale a tartsatsin. Wutar za ta bi ta jikinta ta ƙone shi cikin ɗan lokaci, ita ma ta yi asarar wani kaso na kuzarinta. Babu inda wasan ya rubuta wannan. Igiyar da aka ba ka domin tsallake rami ita ce ta zama makami, kamar yadda roka ta zama mabuɗi. Gaskiyar Bahaushe da ya ce dabara ta fi ƙarfi.

Sai dai fa masu suka daga cikinmu ba su yi ƙarya ba, kuma adalci ne a ba su haƙƙinsu. Na farko, sauya makami wahala ne. Maɓalli guda ake dannawa ana zagayawa a kan abubuwa biyar, daga ƙananan rokoki zuwa manya, zuwa babban bam, zuwa igiya, zuwa na'urar hango abin da ke bayan bango. A tsakiyar artabu, yatsa kan zarce abin da ake nema, sai ka tarar kana haska dodo da fitila maimakon ka harbe shi. Na biyu, tsallen Samus yana da wani irin sanyi, tana jimawa a iska kamar gashin tsuntsu, wanda ya dace da yawon bincike amma bai dace da kauce wa hari ba. Na uku, ƙananan maƙiya ba su da wayo. Galibinsu hanya guda suke bi suna maimaitawa. Na huɗu kuwa, wanda ya fi nauyi, shi ne yadda ƙarfi ke kashe faɗa. Samus na farawa da kuzari 99, amma akwai tankuna 14 da ke ɓoye, kowanne na ƙara 100, rokoki ƙanana kuma na iya kaiwa 230. In ta sami dabarar da ke mayar da tsallenta makami, duk ƙaramin abin da ta taɓa a iska sai ya tarwatse. Hatta karon ƙarshe da Ridley, wanda aka daɗe ana jira, ya fi kama da musayar duka: wanda rumbunsa ya fi cika shi ke tsayawa.

To, me ya rinjayi ra'ayinmu duk da haka? Wani rami ne a yankin Brinstar. Wanda ya faɗa cikinsa zai tarar da wasu ƙananan halittu guda uku marasa cutarwa, suna tsalle daga wannan bango zuwa wancan har su kai sama, sa'annan su dawo su sake. Ba su ba ka komai, nuna maka kawai suke yi. In ka yi ta gwadawa, sai ka gano cewa Samus ma na iya dukan bango da ƙafa ta ƙara sama, kuma tun daga daƙiƙar farko ta wasan take da wannan iyawa, ba wanda ya faɗa maka ne kawai. Koyonta na da wuya, domin sai an juya baya ga bango kafin a danna tsalle, tazarar kuwa ƙiftawar ido ce. Mun shafe yamma guda a ramin nan muna karɓa-karɓa. Amma wanda ya iya ta, ya sami abin da ya fi kowane sulke, domin da ita ake isa wuraren da a bisa tsari ba a kai lokacin zuwansu ba. Da irin waɗannan dabaru ne gwanayen tsere ke gama wasan a ƙasa da minti 45, abin da ya ci mana makonni.

Wannan rami ya tsaya mana a rai domin ya taɓa abin da muke ciki a matsayinmu na masu neman ilimi. Ashe iyawa iri biyu ce. Akwai wadda ake miƙa maka a hannu, kamar littafi ko takardar shaida, akwai kuma wadda ke jikinka tun asali, ba ta fitowa sai ka zura ido ga wanda ya iya, ka faɗi, ka tashi, ka sake. Yawancin wasannin da muka sani sukan cika allo da kibiyoyi da umarni, kamar malamin da ba ya yarda ɗalibi ya yi tunani da kansa. Wannan kuwa ya ɗauka cewa kana da ido da ƙwaƙwalwa, ya bar ka da su. A wasu wurare yardar kan yi yawa, alal misali bututun gilashin nan na Maridia da ba mai tsammanin babban bam zai fasa shi sai mai yawan gwaje-gwaje. Amma mun gwammace a ɗauke mu masu hankali mu sha wuya, da a riƙe mana hannu har ƙarshe.

Ƙarshen wasan ma sai da ya sake juya batun ƙarfi. Bayan Samus ta tara duk abin da ake tarawa, sai jaririn nan, wanda ya zama ƙato, ya kama ta ya zuƙe kuzarinta har saura ɗaya tak, kafin ya gane ta ya sake ta. A gaban Mother Brain, uwar maƙiyan duka, makamanta ba su tsinana abin kirki ba, ta durƙusa ba ta iya ko tashi. Jaririn ne ya dawo ya zuƙe maƙiyiyar, ya mayar wa Samus da kuzari, ya tare mata duka har ya mutu. Harbin da ta gama yaƙin da shi gadonsa ne. Alheri danƙo ne, in ji masu iya magana, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duk wannan da ɗige-ɗige aka nuna shi, ba da kalma ko guda ba, kuma ɗakin da muke ya yi tsit.

A taƙaice, hukuncinmu shi ne: wanda ke neman faɗa mai zafi da saurin hannu zai sami wasannin da suka fi wannan nesa ba kusa ba. Wanda kuwa ke son ya ga yadda ake saƙa makami da hanya da labari su zama tufa guda, to har yau, bayan fiye da shekara 30, da wuya ya sami malamin da ya fi shi. Magadansa suna da yawa, ciki har da Axiom Verge na shekarar 2015, wanda mutum guda, Thomas Happ, ya ƙera shi kaɗai. Shawararmu ga duk wanda zai gwada ita ce ya guji neman amsa a intanet tun daga farko, ya riƙe takarda da alƙalami, ya rubuta duk ƙofar da ta ƙi buɗuwa. Zai koma kanta, in ya yi haƙuri, da mabuɗin a hannunsa.