Milimita Uku Tsakanin Birki da Rim

Duk wanda ya leƙa ta tsakanin hannuwan rim ɗin motarsa zai hangi wani dunƙulen ƙarfe rungume da faifan birki. Bakanikai na kiransa kalifa, sunan da ya faɗo bakin Bahaushe daga Turanci ya zo ya yi kama da na magajin shehi, alhali aikinta matsa ne kurum: ka taka birki, mai ya tura fistin, fistin ya tura fad, fad biyu su cafke faifan da ke juyawa tare da taya. Kalifa a tsaye take wuri ɗaya. Rim kuwa zagaya ta yake yi, kusan sau 800 a minti guda idan Camry na tafiyar kilomita 100 a awa. Abin da ya raba su 'yar tazara ce, kuma kamfanonin da ke ƙera manyan birkuna, irin su Brembo da Wilwood, galibi milimita 2 zuwa 3 suke gindayawa a matsayin mafi ƙaranci. Ka haɗa katin ATM huɗu ka matse su da yatsa, kaurinsu ke nan.

A Zuru akwai dalilin da zai sa mutum ya yi sha'awar ƙara wa motarsa birki. Ƙasar tuddai ce, motocinmu mafi yawa 'yan Kwatano ne da suka gama ƙuruciyarsu a Amurka ko Turai, kuma ba a tausaya musu wajen lodi. Wanda ya saba bin hanyar Rijau zuwa Kwantagora, ko ta Dabai da Mahuta zuwa Koko, ya san yadda ƙafa ke wuni a kan birki: a ɗan ja, rami ya bayyana, a taka, a kauce, a sake ja. Ga kuma 'yan gida da ke dawowa daga Abuja da Kaduna lokacin Uhola ko Kirsimeti ko Sallah da rim masu walƙiya, har na gida ma ya ji tasa motar ta tsufa. Matsalar ita ce kayan ba a nan suke ba. Daga Ƙofar Ruwa a Kano ake ɗoro su, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, bayan an yi ciniki ta waya an ga hoto a WhatsApp. Abin da ya iso tasha ya iso ke nan. Mayar da shi wata shari'a ce da ba kowa ke cin ta ba.

Shi ya sa nake ganin birki da rim shawara ɗaya ce, kuma awo ake fara yi kafin a tura kuɗi.

A ɗauki Camry ta 2002 zuwa 2006, wadda ake wa laƙabi da Big Daddy. Da yawa daga masu silinda 4 sun zo da faifan gaba mai faɗin milimita 275 da rim inci 15, da yawa daga masu V6 kuma da faifai mai 296 da rim inci 16. Muscle ta 2007 zuwa 2011 ma 296 ne da inci 16. Bambancin faifan milimita 21 ne, wato kalifa ta matsa waje da 10.5. Ƙarin inci ɗaya a rim, milimita 25.4, na ba da sararin 12.7 a kowane gefe. Ka ga ba ado ne ya sa Toyota ta haɗa babban faifai da babban rim ba, lissafi ne. Ko a tseren Formula 1, inda kuɗi ba ya ƙarewa, rim ne ke yi wa birki iyaka: sai da aka tashi daga inci 13 zuwa 18 a 2022 sannan faifan gaba ya girma daga milimita 278 zuwa wajen 330.

To amma lambar inci ba ta faɗin komai game da cikin rim. Inci 16 awon wurin da leɓen taya ke zama ne. A cikin gangar akwai wani kwari da aka yi domin mai faci ya samu ya cusa taya, kuma kwarin nan ta ciki tudu ne, yana rage sararin da kalifa za ta samu. Zurfinsa da inda ya faɗo da kaurin ƙarfen sun bambanta daga rim zuwa rim, don haka biyu masu inci 16 na iya zama ɗaya ya wuce lafiya ɗaya ya kama. Wannan ita ce tazara ta farko, tsakanin ƙeyar kalifa da ganga.

Ta biyu ita ce tsakanin fuskar kalifa da bayan hannuwan rim, kuma ita ta fi yaudarar mutane. A bayan rim za ka ga rubutu kamar 6.5Jx16 ET45. Lambar farko faɗi ne da inci, ET kuwa, wadda aka gutsuro daga wata kalmar Jamusanci, tana nuna milimita nawa mazaunin rim ya gusa daga tsakiyar faɗinsa. Masu sayarwa da suka ɗan san karatun lambobin kan ce maka ƙaramin ET na ba birki sarari. Sau da yawa haka ne, amma ba doka ba ce, domin ET na faɗin inda ganga ta zauna ne, ba ya faɗin yadda hannuwa suka tanƙwara daga cibiya. Hannun da ya miƙe sak daga mazauni zai iya shafar kalifa, wanda ya fara turowa waje kafin ya lanƙwashe ya wuce ta, alhali ET ɗinsu ɗaya.

A nan irin kalifar ke shigowa. Ta Camry da Corolla da Accord mai zamewa ce: fistin na gefen ciki kawai, jikinta na tafiya a kan sanduna biyu. Ta gaban Prado da Land Cruiser kafaffiya ce mai fistin 4, biyu ciki biyu waje, shi ya sa take da kumatu ta wajen hannuwan rim. Irinta ce kuma mafi yawan manyan birkunan da ake sayarwa daban. Kafaffiya inda ka same ta yau nan za ka same ta baɗi. Mai zamewa kuwa tana da wata ɗabi'a da ba kasafai ake lura da ita ba: yayin da fad na waje ke cinyewa, jikinta na ja ciki, ranar da aka sa sabon fad sai ta dawo waje gaba ɗaya. Sabon fad na kai milimita 10 zuwa 12, wanda ya ci ya rage 3 ko 4. Wato kalifar Kwatano da ta zo da tsohon fad ɗinta na iya nuna maka sararin milimita 7 wanda na aro ne.

Na ga wannan a motar wani kawuna, tsohon soja, kamar yadda kusan kowane gida a ƙasar Zuru ke da irinsa. An ɗoro masa faifai da kalifa na V6 daga Kano, ya sayi rim inci 16 masu siraran hannuwa, aka ɗaura, komai lafiya. Bayan 'yan watanni aka canja fad, kafin motar ta fita daga gareji sai ga ƙara, ƙyas-ƙyas-ƙyas, sau biyar a kowane juyi, daidai da yawan hannuwan. Bakaniken ya duƙa ya leƙa ya ce, “Baba, ɗan kaɗan ne ya taɓa. A bar ni in sa mata giranda, minti biyar.” Kawu ya ce, “Yaro, bindigar da aka goge wa ƙarfe don ta shiga kube ba ni zan riƙe ta ba.” Rim ɗin aka canja, a kan asara.

Ina bayan kawu. Gadar kalifa, wato ƙarfen da ya haye faifai ya haɗa gefe da gefe, ita ke ɗaukar ƙarfin matsar duka, kuma a kafaffiya akwai hanyoyin mai a cikin jikin. Share ɗan tsinin da zubi ya bari wani abu ne, cin naman ƙarfen wani abu ne daban, mai giranda a hannu kuwa ba ya ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Awon kansa ba ya bukatar komai sai kwali da rula da haƙuri. Manyan kamfanoni na sa zanen gefen kalifarsu a intanet, a buga a takarda, a manna a kwali, a yanke, a kifa rim a ƙasa, a dasa gindin kwalin a mazauninsa, a zagaya da shi a ga inda ya taɓa. Hattara da shagon kwamfuta: zanen da aka yi wa takardar Amurka, idan na'ura ta matse shi ya shiga A4, yana raguwa da kusan kashi 3 cikin 100, kuma a tsawon milimita 170 wannan ya haura milimita 4, ya cinye tazarar da ake nema har da ƙari. A buga a kashi 100, sannan a ɗora rula a kan ma'aunin da ke jikin zanen a tabbatar. Kayan Kwatano ba su zuwa da zane, sai mutum ya yi nasa: bayan an ɗaura faifai da kalifa da sabon fad, a auna daga tsakiyar hob zuwa ƙeyar kalifa, a auna yadda fuskarta ta turo gaban inda rim ke zama, a ƙara tazara, a yanke kwali a kan haka. Kwalin nan ake ba direba ya kai wa mai rim, ko a tura masa lambobin ya yanka nasa, ya ɗauko bidiyo yana zagayawa da shi a cikin rim ɗin da za a saya, ba ɗan'uwansa ba.

Idan rim ya iso, akwai gwaji na biyu. A liƙa ɗan yumɓu a ƙeyar kalifa da fuskarta, a ɗaura rim a ɗaure noti sosai, a juya da hannu zagaye guda, a kwance, a yanka yumɓun da reza a auna abin da ya saura. A duba kuma inda za a manna dalmar balansin, domin ita ma tana da kauri, kuma kalifa kan kankare ta a zagayen farko.

Milimita 3 na kamfani an yanke shi ne da sabon rim da lafiyayyen boris a zuci. Ni a hanyoyinmu ba na natsuwa da ƙasa da 5. Rim da ya sha ramuka ba ya juyawa daidai, boris da ya fara sakewa na barin taya ta ɗan kwanta a kwana, ƙarfe na buɗewa da zafi, ga jan laka da tsakuwar damina da ke shiga ganga su rasa mafita. Tsakuwa ɗaya da ta maƙale a ƙunci na iya zana wa rim zobe ta ciki.

Sai maganar sifesa, faifan da ake sakawa tsakanin hob da rim don a turo shi waje. Tana gyara tazarar hannuwa, ba ta ƙara wa ganga faɗi. Tana kuma da farashi. Kusar tayar Toyota da Honda milimita 12 ce, kowane juyin noti na cin 1.5, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce noti ya kama aƙalla kwatankwacin kaurin kusar, wato juyi 8. Sifesa mai milimita 5 ta kwashe juyi 3 da ɗoriya. Idan ba a sa dogayen kusoshi ba, an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Haka nan siririn leɓen hob da rim ke hawa ya daidaita na iya nutsewa a cikinta. Leɓen nan ma ba ɗaya ba ne: na Camry 60.1, na Accord 64.1, duk da ramukansu biyar sun yi daidai a 114.3. “Ramuka biyar ne, Alhaji, zai shiga” ba amsa ba ce, balle ga mai Corolla ta 2003 zuwa 2013 irin ta Amurka, wadda nata biyar ɗin a kan 100 suke.

Kafin duk wannan ma, ya kamata mutum ya tambayi kansa ko babban birkin yake bukata. Idan birkinka na iya kulle taya ko ya tayar da ABS, to taya ce ke yanke nisan tsayawarka. Abin da babban faifai ke ƙarawa shi ne jure zafi a doguwar gangara da lodi. Sau da yawa abin da ake kira raunin birki tsohon mai ne da ya sha ruwa. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, wanda ya jiƙa kuwa ma'auninsa 140 ne. Babban rim kuma na rage naman taya: gefen 205/65 a inci 15 milimita 133 ne, na 215/55 a inci 17 ya koma 118, kuma naman nan ne ke tsakanin rim da bakin rami.

Wanda ya auna duka ya ga yana so, saura masa rim na biyar, wanda ke kwance a but ba a tuna shi. Safayar Big Daddy mai silinda 4 inci 15 ce, kuma ba a yi ta don faifai mai 296 ba. A wani wuri wannan ɓacin rai ne na awa guda. A hanyar Ribah ko ta Dirin Daji, inda shekarun nan 'yan bindiga suka sa kowa ke lissafin tafiyarsa da rana, tsayuwa a gefen daji da tayar da ta ƙi shiga magana ce ta daban. Dabarar da ta rage ita ce a ɗaga baya a sa safaya a can, tun da birkin baya ƙarami ne, a sauke, a ɗaga gaba a mayar da tayar bayan: jak sau biyu, noti goma a kwance goma a ɗaure, ga magariba na matsowa. Don haka ranar gwajin yumɓu a fito da safayar ita ma a ɗaura ta a gaba, idan ta kama, kuɗin rim biyar za a tura Kano, ba huɗu ba.