Likitan Da Ba Ya Yin Allura

A garin Kumagannam, cikin ƙasar Yusufari, can arewacin Jihar Yobe inda tuddan rairayi ke kwance kamar raƙuma sun durƙusa, akwai wani dattijo manomin gero wanda ya yi shekara huɗu yana ɗaure ciki domin ɗansa ya yi karatun jami'a. An ce masa ilmin jikin ɗan'adam yaron ke karantawa, saboda haka ya sayar da tumaki, ya sayar da bijimin nomansa, bisa zaton wata rana yaro zai komo da farar riga a riƙa kiransa Likita. Da yaron ya kammala, ya yi hidimar ƙasa, sai ya zo ya durƙusa gaban mahaifinsa bayan sallar isha'i, ya ce so yake ya ƙara karatu ya zama mai binciken ƙwayoyin halitta.

Dattijo ya yi shiru, can ya nisa ya ce, "Kai yaro, wannan aikin ana yin allura a cikinsa?"

Yaro ya ce, "A'a, Baba."

"Ana ba da magani?"

"A'a, Baba, sai dai a nemo asalin ciwo."

Dattijo ya kaɗe buzunsa ya shige turaka, ya kwana uku bai sake ta da maganar ba.

Mai karatu kada ya yi saurin ganin laifin dattijon nan, domin aikin da ɗansa ya zaɓa aiki ne kan abin da ido ba ya gani. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna masu rai, watau ƙwayoyin halitta, waɗanda yawansu ya kai wajen tiriliyan 30. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa musu suna a shekara ta 1665, bayan ya leƙa ɓawon itace da madubin likita. A tsakiyar ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai zaren gado wanda in da za a warware shi zai kai tsawon mita 2, kuma a jikinsa aka rubuta umurnin ƙera furotin iri-iri masu gudanar da aikin jiki. Kusan duk cutar da ta kwantar da mutum, a wannan ɓoyayyen wuri ta soma ɓarna, tun kafin ƙafa ta kumbura ko ido ya faɗa.

Abin da ya hana dattijon barci kuwa ba asarar bijimi ba ce. Yana da ƙane wanda ya zauna Gashuwa yana noman rani a bakin kogin Yobe, mutum ƙaƙƙarfa wanda bai cika shekara hamsin ba. Rana ɗaya ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ragu, aka auna aka ce ƙoda ce ta gaza. Aka yi ta jigila da shi zuwa babban asibiti mai nisa domin wankin ƙoda, sau biyu a mako, kowane zama sa'a huɗu, har gona ta tafi, injin ban-ruwa ya bi ta, daga bisani shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ji ƙansa. A wurin zaman makoki kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce ruwan sha ne, wani ya ce maganin feshi ne da ake zuba wa gonaki, wani ya ce ƙwayoyin kashe ciwon jiki ne da ake saye a kasuwa, wani ya ce zafin rana ne da ƙarancin shan ruwa. Ba gidansu kaɗai ba, domin ciwon ƙoda ya daɗe da zama sanannen bala'i a ƙasar Bade da garuruwan da ke bin kogin. Dattijo ya so a ce yana da ɗa likita a lokacin, ko da zai rage musu wahala.

A rana ta huɗu yaro ya sake zuwa, ya kawo wa mahaifinsa labarin wani mutumin Nguru, Dokta Mahmoud Bukar Maina. Shi ma ilmin sassan jikin ɗan'adam ya karanta a Jami'ar Maiduguri, ya gama a 2007. A 2011 ya tafi Jami'ar Sussex ta Ingila ya yi digiri na biyu kan ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa, kana ya zarce ya yi digirin dokta a ɗakin binciken Farfesa Louise Serpell, ya kammala a 2017. Shekara goma ke nan tsakanin digirin farko da na ƙarshe, kuma mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Abin da ya bincika shi ne cutar mantuwa ta tsofaffi, wadda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906. A cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani furotin mai suna Tau, wanda aka gano a 1975, aka kuma san shi da aikin riƙe ginshiƙan cikin ƙwaya kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Idan ya lalace sai ya cukurkuɗe, ƙwayar ta mutu, mutum ya soma manta sunan 'ya'yansa. Binciken Maina da abokan aikinsa, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa Tau yana da wani aikin dabam a can ƙuryar cibiyar ƙwaya, inda yake taimakawa wajen tsare wani sashe na zaren gado. Wanda bai sani ba zai ce wannan ƙaramin abu ne, amma da irin waɗannan ƙananan tubala ake gina magani.

Abin da ya fi jan hankalin yaron shi ne Maina bai manta gida ba. A 2021, da goyon bayan gwamnatin jiha, aka buɗe cibiyar bincike da horarwa kan kimiyyar lafiya, wadda ake kira BioRTC, a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ƙarƙashin jagorancinsa. An kawo manyan madubai da na'urori, aka shiga horar da matasa, kuma ciwon ƙodar nan na cikin abubuwan da cibiyar ta sa a gaba.

To, me ya sa ba za a bar Turawa su yi binciken a kawo wa mutane magani ba? Dalili shi ne jiki ba ɗaya ba ne. Mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya bambancin gado a tsakaninsu, amma duk da haka yawancin binciken gado da aka yi a duniya kan jinin Turawa aka yi shi. Ga misali daga ƙodar kanta. A 2010 aka gano wasu sauye-sauye a wani sashen gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a tsakanin mutanen Afirka ta Yamma. Suna kare mutum daga wani nau'i na ciwon barci da tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje su ta wajen uwa da uba ya fi zama cikin haɗarin ciwon ƙoda. Wanda ya tsaya ga jinin Bature har abada ba zai ga wannan ba. Ko gado na da hannu a abin da ke faruwa a Gashuwa, ko ruwa ne, ko guba, ko kuwa duk sun haɗu, awo ne kaɗai zai raba gardama, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Yaro bai ɓoye wa mahaifinsa wahalar da ke ciki ba. Ƙwayoyin da ake renonsu a kwalba suna bukatar ɗumi daidai na jikin mutum, digiri 37, dare da rana. Jinin da aka adana yana bukatar sanyi na digiri 80 ƙasa da sifiri, a ƙasar da zafin bazara kan wuce digiri 40. Wuta ta ɗauke dare ɗaya, aikin wata shida ya tafi. Gwaji goma za a yi, tara su ƙi. Albashi bai taka kara ya karya ba, sa'o'insa da suka shiga kasuwanci za su riga shi gina gida, kuma mai yiwuwa ne ya tsufa bai ga maganin da ya fito daga guminsa ba.

Dattijo ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Watau likita shi ke ɗebo ruwa, kai kuma haƙar rijiya kake so ka yi?"

Yaro ya ce, "Haka ne, Baba."

Wannan magana dattijo ya gane ta sarai, domin mutumin ƙasar rairayi ya san cewa sau da yawa wanda ya haƙa rijiya ba shi ke daɗewa yana shan ruwanta ba. Ya san kuma likitocin da suka duba ƙanensa sun yi iyakar ƙoƙarinsu, abin da ya gagare su shi ne su faɗa masa daga ina ciwon ya fito, balle ya tsare 'ya'yan da mamacin ya bari, waɗanda har yau suke shan ruwan da ubansu ya sha.

Ran kasuwa dattijo ya kai tunkiya biyu cikin ukun da suka rage masa. Da asuba, kafin motar Gashuwa ta tashi, ya damƙa wa yaron kuɗin a ƙulle cikin tsumma, ya dafa kansa ya ce, "Je ka, Allah Ya yi maka albarka. Amma ranar da kuka gano abin da ya kashe baffanka, kafin ka rubuta wa Turawa, ka fara zuwa ka gaya wa matarsa da harshen da za ta ji."