Wuyan Gwaggona Bayan Shekara Goma

A cikin 2013 gwaggona, wadda take sayar da leshi a kasuwar Balogun ta Ikko, ta tafi Ingila wai ganin likita. Da ta dawo sai muka ga wuyanta ya miƙe sumul kamar na budurwa, alhali ta ba hamsin baya. Ashe aikin ɗage fatar wuya aka yi mata. To, kwanan baya ta aiko a kira ni, don a wurin danginmu ɗan jarida ba abin da bai sani ba. Ta ce, "Ɗana, in koma a sake, ko in haƙura?"

Sai da na yi tambaya kafin na buɗe baki. Ga yadda abin yake. Ƙarƙashin fatar wuya akwai wani faffaɗan nama marar kauri da likitoci suke kira platisma. In shekaru suka ja sai ya saki, gefunansa su fito kamar igiya biyu daga haɓa zuwa ƙirji. Likita yakan tsaga bayan kunnuwa da ƙarƙashin haɓa, ya rage kitse, ya ɗinke naman, sa'an nan ya ja fata ya yanke rarar. A da fata kaɗai ake ja, ba a jimawa ta sake saki, har a 1974 wani likitan Suwidin, Tord Skoog, ya bayyana hanyar ɗaga naman tare da ita. Duk da haka, abin da masu aikin suke faɗa shi ne kamar shekara goma ko ɗoriya kaɗan, domin tsufa yana nan yana aikinsa.

Gaskiya ba zan ce Gwaggo ta yi asarar kuɗinta ba. Har gobe wuyanta ya fi na ƙanwarta kyan gani. Amma fatar ta soma taruwa ƙarƙashin haɓa, kuma akwai abin da gyale yake ɓoyewa. Tabon bayan kunnenta na hagu ya tashi ya yi tudu, irin wanda ya fi samun baƙar fata. Leɓen kunnen nan kuwa tun ranar aikin ya mace, saboda an taɓa jijiyar da take kai masa ji. Ga yawancin mutane wannan yakan warware cikin watanni, ita kam bai warware ba. Ta ce sau biyu ɗan kunnen zinariya yana faɗuwa ba ta sani ba, kuma na lura wannan ya fi tabon ci mata rai.

Abin da ya tsaya mini shi ne yanzu tana da hawan jini, wanda yake ƙara hatsarin taruwar jini ƙarƙashin fata bayan aiki, kuma aiki na biyu ya fi wuya saboda tsohon tabo. Na tuna mata da Stella Obasanjo, wadda ta rasu a Sifen cikin Oktoba 2005 bayan tiyatar gyaran jiki, ko da yake nata aikin na rage kitsen ciki ne. Na ce, "Gwaggo, ni dai ina ganin ki haƙura."

Ta yi shiru tana murza kunnen nan da ba ya ji. Can ta ce in duba mata nawa ne kuɗin jirgin Landan yanzu.