Kunamar Baffa

Jiya da daddare ƙanena ya miƙo min wayarsa a soro, ya ce, "Yaya, kalli inda ake rayuwa." Bidiyon wani Ba'amurke ne a YouTube, yana zaune a teburinsa da 'yar ƙaramar fistol. Ya cire kunamar da kamfani ya sa mata, ya saka wata da ya saya, sannan ya ɗauko wani ɗan ma'auni ya rataya a jikinta ya ja. Sai murna yake, wai da can sai ka matsa da ƙarfi, yanzu kuwa da ka taɓa ta tashi. Na mayar masa da wayar ban ce komai ba. Amma barci bai zo min da wuri ba, ga shi kuma kwanakin nan duk inda ka leƙa a Facebook muhawara ɗaya ake yi: a bar kowa ya mallaki bindiga ya kare kansa. To bari in ba ku labarin gidanmu, wanda ban taɓa rubuta shi ba.

Baffana, yayan mahaifinmu, mafarauci ne. A nan cikin badala aka haife shi, a nan ya rasu, amma da kaka ta wuce ba ka ƙara ganinsa sosai, sun yi daji shi da abokansa da karnukansu. Yana da adaka guda ɗaya, irin wadda ake yi wa dariya da harba-ka-ruga, ya gaje ta wajen kakanmu. Mu da muka tashi cikin birni ƙarar bindiga ba baƙuwarmu ba ce. Tun zamanin Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, Sarkin Kano yake da 'yan bindiga a tare da shi, kuma kowane yaro ya san warin albarushi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe. A wajenmu bindiga kayan ado ce da kayan neman miya. Ban taɓa kallon ta Baffa a matsayin abin da zai iya taɓa mutum ba.

Ina ɗan shekara 12 Baffa ya fara ƙorafi. Girma ya kama shi, sanyin ƙashi ya shiga yatsunsa, kunamar kuma tauri gare ta. Ya ce kafin ya gama jan ta bakin bindigar ya karkace, zabuwa ta tashi. Samarin da ya koya wa daji suka fara yi masa tsiya, wai Baffa yanzu sai dai ya tsorata zabi. Wannan tsiyar ta ci masa rai fiye da yadda ya nuna.

Wata ranar Asabar ya naɗe ta a buhu ya ɗora min a kafaɗa, muka bi lungu muka je wajen wani tsohon maƙeri abokinsa. Har yau ina ganin wurin a idona: zugazugi, gawayi, uwar maƙera, da yaron da ke zuga yana hamma. Tsohon ya karɓa, ya duba ya tabbatar ba ta da ɗuri, ya ja kunamar sau biyu, ya miƙo wa Baffa abarsa. Ya ce, "Malam, wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne. Taurin nan ladabinta ne, ni ba zan cire mata ba." Baffa ya yi dariya ya ce, "Kai dai tsufa ya sa ka tsoro." Muka fita. Ba mu yi nisa ba muka sami wani matashin maƙeri, shi ko tambaya bai yi ba. Kafin la'asar ya gama, ya karɓi 'yan kuɗinsa. Abin da ya yi mata ban sani ba a lokacin, yanzu ma da na sani ba zan rubuta shi a nan ba.

Maganar gaskiya, gyaran ya yi aiki. Shekara biyu Baffa yana dawowa da zabi da zomaye har ana rabawa maƙwabta, samari suka kama bakinsu. Yakan ce, "Yanzu tunani kawai nake yi, ta tashi." Yana faɗa yana alfahari, mu ma muna taya shi.

Sai aka shiga wani lokaci da ɓarayi suka addabi unguwa. An haura gidaje uku a layinmu cikin mako guda, an kwashe awaki da keken ɗinki, an sari wani dattijo a hannu. Baffa ya ce shi zai riƙa kwana a soro. Ya ɗura bindiga, ya ɗana ta, ya ajiye a gefen tabarma. Inna ta yi magana, ya ce mata, "Ke dai kwanta."

Babban ɗansa, wanda dukkanmu muke kira Yaya, lokacin yana saurayi, ya je kallon fim a wata unguwa ya yi dare. Ya san idan ya ƙwanƙwasa zai sha faɗa, sai ya sa hannu ta saman ƙyaure yana lallaɓa sakata a hankali. Ga duhu, an ɗauke wuta. Baffa ya farka a firgice, ya rarumo bindiga, yatsansa ya faɗa kan kunama. Ya ce, "Waye?" Kalmar da ƙarar tare suka fito.

A gwiwa ta same shi. Ba zan tsaya kan abin da na gani a soron nan ba. Aka sa shi a motar wani maƙwabci, aka je wani asibiti, suka ce sai an kawo takardar 'yan sanda tunda harbi ne. Aka shiga yawo tsakar dare, jini na zuba. Sai a 2017 aka sa hannu a dokar da ta wajabta wa asibitoci su fara ceton wanda aka harba kafin maganar takarda, mu namu ya faru kusan shekara 20 kafin nan. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ƙafar dai ba ta ƙara lanƙwasuwa ba, yau shekarunsa sun haura 45, a kan kujera yake sallah.

Har Baffa ya koma ga Allah magana ɗaya yake maimaitawa, wani lokacin ba tare da an tambaye shi ba: "Wallahi ban ja ba. Na ɗora yatsa ne kawai." An karɓe bindigar, bai nemi a dawo masa da ita ba, bai ƙara zuwa daji ba. Nakan same shi zaune a dakali yana kallon ɗan yatsan nan nasa yana motsa shi.

Na san wani zai ce ƙaddara ce. Haka ne, na yi imani da ita. Wani kuma zai ce laifin Baffa ne da ya kwana da ɗanannar bindiga, ya kuma kai yatsa inda bai kamata ba kafin ya san waye a ƙofa. Shi ma gaskiya ne, duk wanda ya koyi riƙe makami a hannun masana abin da ake fara faɗa masa ke nan. Amma ni da na ɗauki buhun nan a kafaɗata, abin da ke cina shi ne wancan ɗan taƙin da ke tsakanin firgita da niyya. Bai kai ƙiftawar ido biyu ba. A cikinsa ne Yaya zai ce "Ni ne, Baba." Tsohuwar kunamar da sai Baffa ya tattara ƙarfinsa kafin ta motsa, wataƙila da ta ba su wannan taƙin. Mu muka biya kuɗi aka cire shi.

Ba mu kaɗai muka san wannan lissafin ba. Fistol ƙirar Glock daga kamfani takan zo da kunamar da ke buƙatar jan kusan kilo 2 da rabi, kamar ka ɗaga kwanon shinkafa da yatsa ɗaya. Da 'yan sandan birnin New York suka koma irin waɗannan bindigogi a shekarun 1990, sai hukumarsu ta sa aka ƙara wa kunamar nauyi zuwa fam 12, wato sama da kilo 5, don gudun harbin kuskure a lokacin ruɗewa. Kuma don kada in ɓoye muku rabin labari: a 2021 sun fara bai wa sababbin ɗauka mai sauƙin ja, saboda sun ga taurin yana rage saiti, wanda shi ma hatsari ne ga mai wucewa. Ƙorafin Baffa ke nan sak. Bambancin, su hukuma ce ta zauna ta gwada, ta haɗa da horo, ta san wa ke riƙe da wace bindiga. Namu kuwa tsiyar abokai ce da maƙerin da bai yi tambaya ba.

Shi ya sa idan na ga ana rubuta "kowa ya nemi tasa" sai gabana ya faɗi. Kada ku fahimce ni a baibai. Ni da nake kwana cikin birni, ga maƙwabta ta ko'ina, ba ni da bakin da zan ce wa mutumin ƙauyen da aka sace masa mata da shanu ya naɗe hannu. A 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Dokar makamai ta 1959 tana nan, a ƙarƙashinta fistol sai da izinin shugaban ƙasa, adaka ma da lasisinta, gyaran bindiga shi ma ba kowa aka yarje wa ba. Amma ni da ku mun san yawancin abin da zai shiga hannun mutane ƙirar gida ce, ba wanda ya auna ta, ba wanda ya koya wa mai ita komai. Kuma a ɗaki za ta kwana, inda yara ke wasa, inda saurayi ke dawowa da dare yana lallaɓa sakata. Masu kiran a ɗauki makami, dan Allah ku haɗa da wannan a lissafinku, ku faɗa mana wa zai horar, wa zai duba.

Da safen nan na biya ta shagon Yaya na ce masa zan rubuta. Ya daɗe yana kallon titi. Na ce in bai so ba in fasa. Ya ce, "Rubuta abinka. Amma ka tabbata ka sa cewa Baba ya tambaya. Ya ce waye, da kunnena na ji. Bakina na buɗe zan amsa."