Takardar da Ke Rufe Hanyar Gida

Shekara shida ke nan ina gabatar da shirin ƴan ci-rani a wani gidan rediyo a Damagaram, kuma babu tambayar da ta fi zuwa mini kamar wannan: ta yaya mutum ke samun izinin zama na dindindin a Amurka? Masu tambayar iri biyu ne. Akwai samarin da ke gida suna tara kuɗin tafiya. Akwai kuma iyayen da ɗansu ya riga ya isa Bronx ko Greensboro, inda ƴan Nijar suka taru, suna son sanin yaushe za su sake sa shi a ido. Wanda ba shi da ɗan'uwa na kusa da zai nema masa, cacar biza kuma ba ta faɗo kansa ba, ƙofofi biyu suka rage masa: ƙofar aiki da ƙofar mafaka, wadda mutanenmu ke kira azil. Dukansu suna kaiwa ga katin nan da ake ce wa girin kad, shi ya sa samari ke cewa duk ɗaya ne. Ni kuwa abin da na ji daga bakin waɗanda suka bi su ya hana ni yarda da haka.

Ƙofar aiki ƙarama ce. Dokar Amurka ta ware gurbi kusan 140,000 a shekara ga duniya baki ɗaya, kuma matan ma'aikatan da ƴaƴansu a cikin wannan adadi ake lissafa su. Ga yawancin masu nema, mai ba da aikin ne zai shigar da takarda. Sai ya gamsar da ma'aikatar ƙwadago cewa ya nemi ɗan ƙasa mai iya aikin bai samu ba, sannan ya yi alkawarin biyan albashin da aka saba biya a wannan sana'a. Malaman jinya na cikin ƴan kaɗan da aka ɗauke wa wannan gwaji, don ana ƙarancinsu. Masu aikin ƙarfi kuwa, waɗanda aikinsu bai buƙaci dogon horo ba, gurbi 10,000 kacal doka ta ba su. To wane kamfani ne zai ɗauki lauya, ya jira shekaru, domin wani direba ko ɗan dako daga Tanout da bai taɓa gani ba?

Ƙofar mafaka an yi ta ne domin wani abu dabam. Dokar Amurka ta 1980 ta ɗauko ma'anar ɗan gudun hijira daga yarjejeniyar Geneva ta 1951: mutumin da ake zalunta, ko yake da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron zalunci, saboda launin fatarsa, addininsa, ƙasarsa ta asali, ra'ayinsa na siyasa, ko rukunin jama'ar da yake ciki. Dalilai biyar ke nan. Talauci ba ya ciki, fari ba ya ciki, rashin aikin yi ma haka. Ana shigar da buƙata cikin shekara guda da isowa. In aka amince, bayan shekara guda mutum na iya neman katin dindindin. Amma abin da ke jan samarinmu shi ne izinin aiki, wanda ake iya samu bayan buƙatar ta kwana 180 tana jiran hukunci. Ga wanda ya ci bashi ya biya hanya, wannan izini ya fi masa komai.

Jiran kuwa dogo ne. A ƙarshen 2023 shari'o'in da suka taru a kotunan shige da fice na Amurka sun haura miliyan 3. Mutum na iya shafe shekaru ba a saurare shi ba, kuma in ya fita ƙasar ba tare da izini ba, ana ɗaukar ya janye buƙatarsa. Ko bayan an ba shi mafakar, komawa ƙasar da ya ce ya gudo daga cikinta na iya sa a sake buɗe maganarsa. Nan ne dillalan tafiya ke yin shiru.

Wata dattijuwa ta taɓa kiran shirin daga wani ƙauye kusa da Mirriah. Ta ce, "Ɗana, kai da ka yi karatu, gaya mini gaskiya. Yaron nan ya ce takarda ce ta hana shi zuwa. Ubansa ya rasu, an yi uku, an yi arba'in, sai ta waya ya karɓi gaisuwa. Wace irin takarda ce wannan?" Na ce, "Inna, Allah ya jiƙan Baba. Yaronki bai yi miki ƙarya ba." Na yi mata bayani daidai gwargwado. Ta saurara har na gama, sannan ta ce kuɗin da yake aikowa suna isowa kowane wata, amma da ta san sharaɗin ke nan da ba ta sayar da shanun ba.

Wanda ya bi ta aiki shi ma yana da nasa ɗaurin. Kafin katin ya fito, wuyansa na hannun mai gidansa, in aka sallame shi maganar na iya rushewa. Amma ranar da katin ya shiga aljihunsa, zai ɗauki fasfonsa na Nijar ya sauka Yamai, ya yi sallah a gida, ya koma bakin aikinsa ba wanda zai tambaye shi dalili. Wani abokin karatuna da ya tafi a matsayin malamin jinya haka yake yi duk bayan shekara biyu.

Sai maganar da ba a so a yi a rediyo: sayen labari. Akwai masu rubuta wa mutum tarihin zalunci ya haddace, a mai da ɗan Damagaram ɗan Diffa, a ce Boko Haram ta ƙone garinsu. Alƙali zai yi ta juya tambaya, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. In ya yanke cewa da gangan aka ƙirƙiro labarin, doka ta haramta wa mutumin samun takardar zama har abada. Wani kuma dillali ya ce masa ya rubuta ba shi da aure, alhali wanda aka ba mafaka yana da damar neman matarsa da ƴaƴansa da ba su kai shekara 21 ba cikin shekara biyu. Da hannunsa ya goge sunan iyalinsa daga takarda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu gaskiya. Mu a Nijar mun san gudun hijira da idonmu. Mun ga abin da ya faru a Bosso a watan Yunin 2016, mun san sansanin Sayam Forage, mun ga mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka ƙetaro jihar Maraɗi tun 2019. Duk labarin ƙarya da aka kama yana sa jami'i ya ƙara zargin na gaba, kuma na gaban yana iya zama wanda da gaske aka kashe wa ƴan'uwa.

Ba na ɗora laifin duka a kan samarinmu. Ƙasar da ke buƙatar hannayen da za su gyara kaji a masana'anta, su kai abinci gidaje, su kula da tsofaffi, amma ta ware wa irin waɗannan ma'aikata gurbi 10,000, ita da kanta ta tura masu neman aiki layin masu neman tsira. Sai dai gyaran wannan doka ba ya hannunmu, kuma kowace gwamnati da ta hau can tana taɓa ƙa'idojin yadda ta ga dama.

Abin da ke hannunmu shi ne a faɗa wa kowa farashin kafin ya biya. Wanda ransa ke cikin haɗari, mafaka haƙƙinsa ce, ya nema da gaskiyarsa, ba abin kunya a ciki. Wanda abinci yake nema kuwa, kafin a sayar da gona ko shanu, ya zauna da mahaifiyarsa da matarsa ya gaya musu cewa hanyar da ya zaɓa na iya hana shi taka ƙofar gidan nan shekaru masu yawa. In sun ji sun yarda, to da saninsu suka yarda.